Faɗa-wutar Ambon

Karo na biyar ke nan Laksmi ta dawo daga tsibirin Ambon hannu rabbana, sai ƙafa duk cizon matsattsaku.

Abin da take nema faɗa-wuta ce, ƙwaron nan mai kama da malam-buɗe-littafi da ke bin fitila, mai ruwan toka da ɗigo biyu a fiffike. Masana sun ce danginta ba su wuce tsibiran Java da Sumatra da Borneo ba. Amma a gidan adana ƙwari da Laksmi ke aiki a garin Bogor na tsibirin Java akwai guda ɗaya soke da allura, takardarta da rubutun hannu: "Ambon, 1987, Wiryo."

Kan wannan 'yar takarda ta gina digirinta na uku. Idan dangin sun tsallaka teku har Ambon a can gabas, dole a sake zana taswirarsu.

Malaminta ya gaji. "Shekara shida, Laksmi. Ko ki kawo ta biyu kafin ƙarshen wata, ko mu rufe maganar."

Ta bi tsofaffin ma'aikata tana tambayar Wiryo, wanda ya kama faɗa-wutar. Wani ya ce ya rasu. Wani ya ce ai masinja ne, mai kai wasiƙu a keke, yana ɗan taya kamun ƙwari. Sai da ta yi sati biyu kafin ta same shi a bayan tashar jirgin ƙasa ta Bogor, yana ba tsuntsunsa gwanda.

Ta nuna masa hoton faɗa-wutar. Ya kai shi dab da hanci, ya yi murmushi.

"Tawa ce! A jikin bango na kama ta, ina tsakiyar cin abinci."

Laksmi ta matso kusa. "Baba, don Allah tuna da kyau. Wane ƙauye? Bakin teku ko kan dutse? Babu dajin da ban kafa fitila ba a tsibirin nan."

"Wane tsibiri kuma, 'yata? Ni da ko kwale-kwale ban taɓa shiga ba?"

Ya ɗaga hannu ya nuna tsallaken titi, inda ake sayar da wayoyi yanzu.

"Can shagon abincin yake a da. Ambon muke ce masa, don mai shagon 'yar can ce. Kifinta, sai wanda ya ci!"