Dutsen da Ke Cikin Gilashi

A sati na uku dodon koɗin suka gama lashe gansakukar da ke jikin dutsen, sai ga rubutu ya fito.

Ɗanta ne ya haɗa mata akwatin gilashin, don tun da ya ɗauko ta daga tsibirinsu zuwa bene na tara a birni, tsohuwa ba ta da zance sai na teku. Ya auna gishirin ruwa, ya sa shuɗiyar fitila, ya saki kifaye biyu masu launin ruwan lemo da 'yan dodon koɗi. A tsakiya ya kafa dutsen murjani da ya aika aka kawo daga gida.

"Ga tekunki nan, Inna," in ji shi. "Wannan ko ƙafarki ba zai jiƙa ba."

Yau ta ajiye kwakwar da take gogawa, ta kafa goshi a gilashin, leɓɓanta na motsi.

"Kai, daga ina aka ɗauko dutsen nan?"

"Daga teku mana. Masuncin da ya ciro shi ya ce sai da ya nitse zurfin gaba biyu."

A garinsu da dutsen murjani ake yi wa kabari alama. Ta kalli kifayen suna shawagi a kan sunan mijinta.

"A busasshiyar ƙasa muka binne ubanka," ta ce. "Daga kabarinsa zuwa ɗakin da 'ya'yan ƙanwarka ke kwana, taku arba'in ne."