In'inar Barira

Tun ranar da aka ce an kawo sabon tsari, waya ta daina yankewa, na ji a jikina akwai abin da za mu rasa. Yanzu ko hadari ake yi, duk maganar da ta zube a hanya sai a cike gurbinta, murya ta iso sumul.

'Yata Barira tana aikin jinya a Fatakwal. Tun tana ƙarama take da in'ina, kuma da ita nake gane halin da take ciki. In hankalinta a kwance yake, kaɗan take yi. In tana ɓoye damuwa, ko "Baba" sai ta maƙale. To, sabon tsarin ya ɗauki in'inar nan a matsayin matsalar layi, ya share ta.

Da safe na je rumfar Sallau mai gyaran waya.

"Sallau, so nake ka mayar min da wayar nan yadda take da, mai yankewa."

Ya yi dariya. "Malam Ɗahiru, kowa gyara yake nema, kai ɓatawa? Ai ba a wayarka ake yi ba, a hanya ne."

A gabansa na kira Barira.

"Uwata, kin ci abinci?"

"Baba, shekarata talatin fa! Lafiya lau nake, ka daina damuwa."

Maganar ta fito tar, kamar ta mai karanta labarai a rediyo. Dariyar dai tata ce, na gane ta.

Sallau ya ce in gode wa Allah, yarinya ta warke. Na gode. Amma ko lafiyar take a can, har yanzu ban sani ba.