Mai Daddawa da Kwanon Ɗakin Tela

Tun da ka ce gidan haya ka gada, kuma dokokin yanzu sun ishe ka, to gyara zama ka ji misalin wata tsohuwa mai daddawa.

Da ribar daddawa ta gina gidanta, ɗaki bayan ɗaki, har ya cika da 'yan haya. Ba ta yi boko ba, amma kunnenta kullum yana kan rediyo. Da ta ji an ce hukuma ta sake dokar haya, sai ta sauke tukunya, ta yafa mayafi, ta je sakatariya ta sami benci ta zauna, ba ta tashi sai wani ma'aikaci ya warware mata zare da abawa. Shekarar da aka ce a rufe bakin rijiya, kafin duba-gari ya zo ta sa an yi wa tata murfin ƙarfe. Da aka ce banɗaki ɗaya ya yi wa gida irin nata kaɗan, ta rushe rumfar da take shanya kalwa, aka haƙa wani a wurin. Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne, in ta dawo sai ta tara 'yan hayarta a tsakar gida, ta faɗa musu da bakinta abin da doka ta ba su a kanta. Maƙwabcinta, wani tsohon dillalin shanu da shi ma yake da gidan haya, in sun haɗu a ƙofar gida yakan ce, "Ke dai, Hajiya, kina wasa wuƙar da za a yanka ki da ita." Ita kuwa murmushi kawai take yi ta wuce.

Ana nan aka sa ranar auren autanta, ga ɗakuna duk da mutane. Ɗakin da ya dace da amarya shi ne na kusa da zaure, inda wani tela yake zaune da iyalinsa. A garin nan, tun kaka da kakanni, in mai gida yana son ɗakinsa ba ya doguwar magana: kafinta yake kira ya yaye kwanon, wanda ya ga sama daga kan gadonsa kuwa ba ya jira a ce ya tashi. To amma sabuwar doka ta ce a ba ɗan haya wa'adi mai tsawo a gaban shaidu, kuma kada a taɓa masa ƙofa ko rufi. Tsohuwa ta duba ta ga wa'adin zai wuce ranar biki. Autan ya yi fushi ya daina cin tuwon gidan. Dangin amarya suna ta aiko a nuna musu ɗakin da za su yi jere. Abin ya tsaya mata a rai ƙwarai, don babu abin da take tsoro irin a ce ta kasa sama wa surukarta wurin zama. Dillali, wai shi mai taimako, har kafintansa ya turo mata da tsani a kafaɗa. Ta dubi tsanin, ta dubi 'ya'yan tela suna wasa a bakin ɗaki, sai ta ƙulla wa kafinta daddawa a leda ta sallame shi. Washegari ta kira mai unguwa da liman, ta ba tela wa'adinsa cikakke.

Ranar jere ta fitar da gadonta da kanta, aka shirya wa amarya a ɗakinta. Ita kuwa ta koma ɗakin girki, inda kalwa take ruɓa, ta shimfiɗa tabarma tsakanin tukwane. Matan biki suka yi ta ƙus-ƙus, wai uwar ango mai gida guda tana kwana da warin daddawa. Ta ji su sarai, ya kuma yi mata zafi, amma ta ci gaba da hidimar bikinta.

A daminar nan dillali ya yi yadda ya saba. Ya yaye kwanon ɗakin wani mai sayar da hatsi, ya manta cewa 'yan hayan yanzu sun san hanyar kotu. Ruwa ya sauko ya jiƙa buhuna, jaririn mutumin ya kwanta asibiti. Tsakanin tara da diyya da jelen shari'a, sai da gidan ya fita daga hannunsa. Tela kuwa, da wa'adinsa ya cika, ya shafe ɗakin da farar ƙasa, ya ɗinka wa amarya labule, ya tashi suna yi wa juna addu'a. Amarya ta tare a ɗakin, tsohuwa ta koma nata.

Bayan wani lokaci wani ɗan haya ya tashi, ɗaki ɗaya ya zama babu kowa a gidan tsohuwa. Wanda ya fara sallama neman sa, kansa a sunkuye, dillali ne. Ba ta yi masa gori ko da kalma ɗaya ba. Ta miƙa masa makulli, ta sa aka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida tare da sauran 'yan haya, ta faɗa masa abin da doka ta ba shi a kanta, ta fara da cewa babu mai taɓa masa rufi. Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon kwanon ɗakin.

Shi ya sa Hausawa suka ce, in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.