Kusurwar da Nake Shanya

"Malama, fito, kejinsa ya kai tankin ruwanmu!"

Maƙwabtana uku ne a ƙofa. Su ne bara suka zauna da mai tattabarun benenmu na unguwar Waziriyya, suka sha shayi, suka ba shi kusurwar rufin da nake shanya. Ba wanda ya kira ni. Da na yi magana, babbansu ya ce, "Halas, magana ta ƙare, ya rantse daga nan ba zai ƙara ba. A zauna lafiya."

Ni da nake koya wa ɗalibai yadda manyan Turai suka yanka wa 'yan Nazi ƙasar da ba tasu ba, masu ƙasar suna jira a waje!

Bayan kusurwata, kejin ya cinye bakin matakala. Yau kuma tanki.

Na ɗauko filaya na hau, suka biyo ni.

"Ga tankin nan, Malama!"

Ko kallonsa ban yi ba. Na wuce ƙarshen rufin, inda tattabaru suka jeru a kan igiyar shanyata, na kama wayar kejin.

"Daga inda kuka fara bayarwa zan fara karɓa."

Na datse.