Abin da Ba a Faɗa wa Ummukulthum Ba

Shekara biyu Ummukulthum ta yi tana ɗiga maganin asibiti a ido, safe da yamma, ba ta ga canji ba. Adon duwatsu take ɗinka wa abayoyi tana kai wa masu shaguna a kasuwar Balad, nan ƙasar Larabawa inda take zaune, don haka idon shi ne jarinta. Duk ranar da ta je mustashfa, wato asibiti, sai ta wuni a layi, likita ya duba ta a gurguje, hankalinsa na kan kwamfuta, ya sake rubuta maganin nan dai mai yaji. Sau ɗaya ta tambaye shi abin da ke damun idon. Ya faɗi wata kalmar Turanci, ya kira na gaba.

Tun da aka rushe unguwarsu Karantina maƙwabta suka warwatsu, amma matan ba sa fashin haɗuwa ranar Alhamis a gidan Luba, babbarsu. Su ke jinyar junansu. Mai ciwo a dafa mata, a wanke mata kaya, a zauna a saurare ta. Nan Ummukulthum ta kai kukanta. Luba ta ce likitocin yanzu na'ura suke kallo ba mutum ba, alhali iyayensu da kwalli da zuma suka tsufa suna zura zare a allura. Ta haɗa mata irin wannan maganin da hannunta, saboda Allah.

Ummukulthum ta ajiye na asibiti. Yajin ya tafi, jan idon ya washe, hankalinta ya kwanta.

Bayan shekara ɗaya da rabi ta fara karo da gefen ƙofa. Sai mutum ya tsaya daidai gabanta take ganinsa. Wani mai shago ya dawo mata da abaya shida, adon duk ya karkace. 'Yarta Raghad ta matsa mata suka tafi wani asibitin, suka dace da Dakta Yelwa, 'yar Nijeriya.

Likitar ta zauna ta yi mata bayani da Hausa. Hawan jinin ido ne, yana cin jijiyar gani a hankali ba tare da ciwo ba. Maganin ɗigawar ba ya ƙara gani, tsare abin da ya rage yake yi. Idon dama halas, ya riga ya tafi, na hagu saura kaɗan.

Ummukulthum ta juyo wajen likitar ta ce:

"Daktora, da an faɗa mini haka ko sau ɗaya, wallahi da ban daina ba."

Likitar ta kira ta Khala, wato inna, ta ce, "Haƙƙinki ne a faɗa miki, Khala. An yi kuskure. Amma jijiyar da ta mutu ba ta dawowa."

Washegari Luba ta zo, ta zauna a bakin gado. Ummukulthum ta yi ta juya kai har ta samo fuskarta da ragowar idon hagu. Ta ce ta yafe, amma da sharaɗin ranar Alhamis Luba ta gaya wa matan komai da bakinta.

Mai karatu, kulawar 'yan'uwa alheri ce, amma ba ta maye gurbin likita. Idan ba a yi maka bayani ba, sake tambaya ko ka nemi wani likitan, kada ka ajiye magani. Ku kuma likitoci, bayanin da kuka hana mara lafiya yana iya janyo masa asarar da ba ta gyaruwa.