Masuncin da Ya Hana Kularsa Sakat

Kai da kullum bakinka "ni ban yarda da kowa ba," matso nan ka ji. An yi wani masunci a can bakin babban kogi, mutum mai ƙwazo, sai dai zargi ya yi masa katutu. Ko gaishe shi ka yi da fara'a, sai ya laluba aljihunsa. Daga wurin da yake su zuwa birni kwana biyu ne a kwale-kwale, saboda haka duk abin da ya kamo sai dai matarsa ta yi banda. Shekara da shekaru baiwar Allah nan tana durƙushe a kan hayaƙi, har idanunta suka koma jajur, kullum suna ruwa, zare ma ba ta iya zurawa a allura. Ana nan sai wata Hajiya mai gidan abinci a birni ta ce masa in zai iya kawo mata ɗanyen giwan ruwa, lafiyayye, to ta zama mai sayensa har illa masha Allahu, amma gwaji ɗaya za ta yi masa. Ya ga ga hanyar da matarsa za ta huta da hayaƙi, ya tashi ya tafi kasuwa neman kular ƙanƙara.

Ranar mai shagon ya ga ta kansa. Masuncin nan ya ƙwanƙwasa wannan, ya shinshina waccan, ya hau kan wata ya zauna ya yi ta girgiza ko za ta lotsa. Masu ƙyalƙyali duk ya ture su, ya ce kwalliya ce. Daga ƙarshe ya tsaya kan wata ƙatuwa mai kaurin bango, da roba zagaye da bakin murfinta. Ya kunna tocila ya jefa ciki, ya rufe, ya lulluɓe kansa da babbar riga yana neman inda haske zai tsiyayo. Bai ga ko ɗigo ba. Kai, zaɓe kam ya iya, wannan ba zan rage masa ba. Da zai ɗauka, mai shagon ya ce, "Baba, kwana huɗu take riƙe ƙanƙara. Amma don Allah in ka zuba kifi ka rufe, kar ka riƙa buɗewa." Nan fa zargin masuncin ya motsa. Ya ce a ransa, wanda ya ce kar ka duba, ai akwai abin da yake ɓoyewa. So yake sai na yi nisa in tarar da ruwa.

Suka shiga kogi shi da wani taubashinsa mai riƙe masa jirgi. Allah ya ba su sa'a, giwan ruwa uku manya-manya, kowanne ya kai tsawon hannu. Ya jera su cikin ƙanƙara, ya rufe, suka nufo birni. Ba su yi nisan kirki ba ya ɗaga murfin ya leƙa. Ƙanƙara tana nan. Ya rufe. Can an jima ya ce bari dai ya tabbata. Ya buɗe, ya zura hannu har gwiwa, ya juya kifin, ya ɗago dunƙule guda yana auna shi da ido ko ya rage. Rana kuwa ta take, ruwan kogi sai walƙiya yake yi. Taubashin ya jiƙa buhu ya shimfiɗa a kan kular, shi kuma ya yaye don yana hana shi saurin buɗewa. Taubashin ya ce, "Kai bawan gidanmu, amarya ka ajiye a ciki? Ko amaryar ce ai ka bar ta ta numfasa." Masuncin ya harare shi ya ce, "Ko da kai aka haɗa baki?" Daga nan taubashin ya ci gaba da tuƙinsa. Duk buɗewa zafi ya shiga, duk shigar zafi ƙanƙara ta rage, duk ragewarta kuma sai ya ce, "Ka gani ko? Na faɗa!" ya ƙara buɗewa.

Kafin su iso gari kifin nan yana iyo cikin ruwa mai ɗumi. Hajiya ta danna cikin ɗaya da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba. Ta wanke hannunta ta koma ciki. Ya kinkimi kular a fusace sai shago, yana ta kumfar baki a gaban jama'a. Mai shagon bai yi musu da shi ba. Ya sa aka cika ta da ƙanƙara, ya ba shi igiya ya ce ya ɗaure da hannunsa, ya tafi da ita gidansa, ran kwana huɗu ya kwance. Ran kwana huɗu ya kwance a tsakar gida. Ƙanƙara tana nan tsaf, har tururin sanyi na tashi. Ya daɗe tsugune a gabanta. A bayansa kuwa matarsa tana fifita wutar banda, tana share ido da gefen zane.

Ƙanƙarar da ya yi zaton za ta narke ta narke ɗin, amma ba mai shago ne ya narkar da ita ba. Shi ya sa Hausawa suka ce zato zunubi ne, ko da ya zama gaskiya.