Tagar Akofa

Unguwarsu a garin Kpalime na ƙasar Togo cikin kwari take, sabis ba ya sauka. Sai mai intanet a gida ke iya buga waya. Shi ya sa kullum da yamma Edem kafinta yake raɓewa a jikin tagar Akofa mai ɗinki, ya kira mahaifiyarsa.

Yau sai Akofa ta tsayar da keken ɗinki.

"Fo Edem, ƙanwarka ta ce tun Ista aka sa muku naku intanet ɗin."

Ya sunkuyar da kai, yana ta goge fuskar wayar da babban yatsa.

"Namu... ba shi da ƙarfi."

"Ƙarya ba ta yi maka kyau." Ta danne murmushi. "Yayata ta samar mini shago a Lome. Jibi zan ba ta amsa."

Ya ɗago, ya daɗe yana kallonta. Sannan ya danna kiran mahaifiyarsa.

"Dada, ni ne. Ki ce wa su kawu su shirya, akwai gidan da za su nema mini aure."

Akofa ta tashi ta zare sakatar ƙofa.

"Shigo mana. Daga ciki ya fi kamawa."